Ranar da Na Yi wa Gwaggo Biyayya

Ranar wata Laraba, azumi yana da goma sha bakwai, shekarar da nake aji biyar a firamare, na dawo daga makaranta na tarar da kwando a tsakar gidanmu na Limawa a Dutse, an rufe bakinsa da tsohon zane an ɗaure da igiyar rama. Kusa da shi Gwaggo Tabawa, yayar babanmu, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma tana ba Umma labarin yadda ciwon kaji ya shiga unguwarsu a Jahun, yana bin gida-gida yana share akurki. Nata guda shida ne suka rage, shi ne ta gudo da su gidan ƙaninta. Haka mutanenmu suke yi a lokacin, in ciwo ya shigo gari sai a kwashi kajin da suka saura a kai su wani garin, ba wanda yake tunanin ciwon ma yana iya shiga kwando ya hau mota. Na durƙusa na gaishe ta, amma idona yana kan kwandon. Ta wata 'yar ɓula na hango wata kaza wake-wake ta saki fuka-fuki, ido a lumshe, wuyanta ya ɗan karkace. Gabana ya faɗi, domin a ɗakin da ke bayan madafinmu akwai kajin turawa masu nama guda hamsin, saura kwana goma sha uku a kai su kasuwar Sallah, kuma ni ce mai kula da su.

Kajin nan na Umma ne, amma wahalarsu tawa ce. Jar akuyar da mahaifiyarta ta ba ta lokacin aure, ita ta sayar tare da 'ya'yanta biyu ta sa aka kawo mata 'yan tsaki daga Kano a cikin kwali mai huji-huji. Baba bai so ba. Ya ce kajin da ba su san tona ba, ba su san gudun shaho ba, ai ba kaji ba ne, amma ya yarda a gwada sau ɗaya, kuma ya maimaita mana cewa sau ɗaya ya ce. Ni ce babba a ɗakinmu, ƙannena duk ƙanana, don haka tun ranar farko ni na riƙa tsoma bakin kowane ɗan tsako a ruwan sukari don ya koyi sha. Lokacin sanyi ne, sai mun hura musu gawayi a kasko mun kife da tsohon kwano mai huji, mun rataya fitilar ƙwai. Kullum kafin in tafi makaranta sai na wanke mazubin ruwa da na abinci, na kwashe ɓuntun shinkafar da ya jiƙe na zuba busasshe, na ɗaga waɗanda kashi ya toshe wa gindi na goge musu da ruwan ɗumi. Akwai wani malamin dabbobi da yake leƙo mu a kan babur, duk abin da ya faɗa sai na rubuta a bayan littafin lissafina. Baƙo ba ya shiga ɗakin, baƙuwar kaza ko kusa. A riƙa rage wuta duk mako, da sun yi gashi a fitar da kaskon gaba ɗaya. In kuma lokacin zafi ne, a buɗe taga, a ɗauke abinci da tsakar rana, a ba su ruwan randa mai sanyi, domin zafi ya fi kowane ciwo saurin kashe su. Na daina zuwa carafke da 'yar gala-gala saboda su. A makaranta ƙawayena suna toshe hanci suna kirana uwar kaji, ni ko a jikina, domin na ga abin da hannuna ya yi: sun yi ɓul-ɓul, farare tas, har da ƙyar suke ɗaga jiki.

Gwaggo ba irin baƙuwar da ake musu da ita ba ce. Ita ta goyi Baba bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta taɓa bari an manta da wannan ba. In ta zo, ita ke zaɓar abin da za a dafa, ita ke leƙa tukunya ta ce gishiri ya yi yawa. Da yamma ta yi sai ta ce sanyi zai kama kajinta a waje, a kai su ɗakin nan mai ɗumi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce malam ya hana, kuma ɗaya daga cikinsu ba ta da lafiya. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Kaza kaza ce, yarinya. Tun ubanki na bayana nake kiwo." Na juya wajen Umma ina jiran ta yi magana, sai ta harare ni, irin hararar da ke nufin in kama bakina. Da hannunta Gwaggo ta ɗauki kwandon, ta shiga da takalminta har tsakiyar ɗakin, ta kwance zanen.

A kwana na huɗu na shiga da safe na tarar abincin jiya yana nan yadda na zuba shi. Wasu sun takure a lungu, wasu suna miƙa wuya suna buɗe baki, ana jin ƙarar numfashinsu tun daga ƙofa, ga koren zawo ko'ina a kan ɓuntu. Ba abin da ba mu yi ba. Umma ta jiƙa ɓawon maɗaci, maƙwabciya ta kawo gautan kura, aka fasa ƙwayoyin nan masu ja da rawaya a ruwa, Gwaggo kuma ta ce a daka barkono a ɗura musu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba yana wurin aiki tun safe, ga shi mace ba ta yanka a gidajenmu. In na ga wata tana shure-shure sai in ruga gidan wani tela a maƙwabtanmu, kafin ya ajiye almakashi ya wasa wuƙa ya iso, biyu sun riga sun zama mushe. A bokiti nake loda su, in ɗora a ka, in bi ta bayan duwatsu in haƙa rami in binne. Ina azumi, ina kuka, ga nauyi, domin kajin da ka yi mako biyar kana ɗura wa abinci ba su da sauƙin ɗauka. Na Gwaggo biyu ne suka mutu, har da wake-waken. Sauran huɗun suka warware, ta kife su da kwando a bayan ɗakin da take kwana.

Da malamin dabbobi ya zo, ya duba ya girgiza kai, tambayarsa ɗaya ce, ko wata baƙuwar kaza ta shigo gidan. Gwaggo tana zaune tana jan carbi. Umma ta sunkuyar da kai ta ce babu. Na fahimci kunyar dangin miji ce ta sa ta faɗi haka, amma fahimtar ba ta rage mini komai ba. Bayan an sha ruwa Baba ya nemi jin ba'asi, Gwaggo kuwa ta riga kowa. Ta ce ita da idonta ta ga ina zuba abinci a jiƙaƙƙen mazubi, ya yi tsami ya yi fumfuna, kuma wa ya taɓa damƙa wa 'yar ƙanƙanuwar yarinya dukiya irin wannan. Na taɓa yin hakan sau ɗaya da na makara, kuma tun kafin zuwanta ne, ni da bakina na ba Umma labari daga baya, Gwaggo kuma ta ji. Baba bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Kallona kawai ya yi ya ce, "Ashe ke ce." Sannan ya ce an gama kiwon kajin turawa a gidansa. Guda bakwai ne suka kai Sallah, a rame, ba mai saye. Aka yanka biyu, Gwaggo ta ci cinya ta suɗe yatsu, ta ce ita dai naman kajin turawa lami yake mata. Kwana uku bayan Sallah ta mayar da huɗunta cikin kwando ta koma Jahun.

Daga ranar na sa Gwaggo a raina, kuma ban yi wa kaina ƙarya ba, so nake in rama. Ɗakin kajin ya koma wurin ajiye itace. Umma ta koma ƙulla gyaɗa da gishiri, akuya kuwa ba ta ƙara mallaka ba. Baba ya daina aikena duk wani abu mai muhimmanci, in za a kai niƙa ma sai ya ce a haɗa ni da ƙanena kada in yi sakaci. Da na tambayi Umma dalilin da ya sa ta ce babu, sai ta ce, "Wata rana za ki yi aure." Wannan amsar ma Gwaggo na ɗora wa laifinta. A Islamiyya ana koya mana falalar yafiya, ina haddacewa ina bayarwa daidai, amma a zuciyata kullum ina cire mutum ɗaya. Ina wanke-wanke ina shirya mugunta, ina ɗiban ruwa a famfo ina warwarewa. Na yi tunanin zuba mata ƙaiƙayi a shimfiɗa, na yi tunanin ɓoye mata carbi, na yi tunanin sa barkono a kwallinta. Duk na ga sun yi kaɗan, kuma duk za a gane ni ce. Ni abin da nake so shi ne ta tsaya a gaban mutane ana kallonta da laifi, ba ta da bakin magana, kamar yadda na tsaya.

Sai da aka shekara da 'yan watanni sannan dama ta zo, kuma ita da kanta ta aiko a kira ni. Autarta, Anti Balaraba, za ta auri wani malamin makaranta, Gwaggo kuma ta ci alwashin za ta ciyar da dangin ango abin da ba a taɓa gani ba a unguwar. Matar da ta ce naman kajin turawa lami ne, ita ce ta sayo 'yan tsaki arba'in. Ta bi gida-gida tana faɗa, har ta ce kowace tasa sai an ɗora mata rabin kaza. Da aka yi hutun makaranta a tsakiyar bazara, saura kwana goma biki, ta aiko wa Baba cewa a turo ni, Hajara, in taya ta shara da ɗiban ruwa. Baba ya sa ni a motar haya yana cewa in je in ga yadda manya suke kiwo, ko na koyi wani abu.

Na kuwa gani. Wani ɗan guntun ɗaki ne mai rufin kwano, wanda babba in ya miƙa hannu zai taɓa. Tagarsa ɗaya an cusa mata buhuna, ƙofar an rufe ta da langa-langa an ƙara labulen buhu, a tsakiya kuma ga kasko da garwashi jajir. Kajin makonsu biyar, gashi ya rufe su ruf. Gwaggo ta ga kasko a ɗakinmu lokacin sanyi, sai ta riƙe cewa kajin turawa da wuta ake kiwonsu har a yanka. Har labarin namu ma ta sake masa fasali, yanzu cewa take iskar da nake bari tana shiga ce ta kashe su. Abincin kanti kuma ta haɗa shi da dusa rabi da rabi don ya yi auki, shi ya sa wasu ƙafafunsu suka bauɗe suna jan ciki. Sanda ta sayo su da sauran sanyi-sanyi, shi ya rufa mata asiri, amma yanzu rana ta fara nuna halinta. Suna kwance sun baje fuka-fuki, baki a buɗe, maƙogwaro yana rawa. Hannuna da kansa ya nufi buhun tagar nan zai fizge. Na tsaya, na mayar da shi, na ɗauki tsintsiya na fara shara.

Kwana biyu bayan zuwana ranar kasuwa ta kama, Gwaggo da Anti Balaraba za su je ƙarasa sayayyar kayan ɗaki, ɗanta namiji kuma ya tafi sharar gona tun da sassafe. Tun hantsi bai yi ba ganyen darbejiyar gidan ya tsaya cak, ƙasa ta fara ƙona tafin ƙafa. Gwaggo ta yafa mayafi ta tsaya a kaina ta ce kada in buɗe ƙofar nan sai in zan shiga, kada in taɓa buhunan taga, in wuta ta yi ƙasa in ƙara gawayi, da rana kuma in cika musu abinci don su yi nauyi. Na ɗaga murya yadda Anti za ta ji na ce, "Gwaggo, ko da rana ta take in ƙara gawayin?" Ta ce, "Ko da rana ta take. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Na ce to, Gwaggo.

Ban taɓa yi wa wani mahaluki biyayya irin ta ranar ba. Da hantsi na ƙara gawayi na fifita. Da rana ta take na ƙara, na cika mazubi da abinci har yana zuba, na ja langa-langa na gyara labule. Ruwa ba ta ce in sake musu ba, na bar su da na safe. Na koma gindin darbejiya na tsinci 'yan duwatsu ina carafke ni kaɗai. Wajen azahar na fara jin fuka-fuki suna dukan ƙasa, jefi-jefi, sannan a jere. A bayan katanga akwai wani dattijo da ke ɗinkin hula a zaurensa, ina jin tarinsa, kira ɗaya zan yi ya shigo da wuƙa a tsira da naman ko da rabi ne. Ban kira ba. Sau ɗaya na leƙa, zafin da ya bugi fuskata kamar na buɗe tanderu. Wata ƙatuwa tana bakin ƙofa, ta ɗago kai tana haki. Na san abin yi sarai, in ɗauke ta in kai inuwa in jiƙa mata jiki da ruwan randa, da ta tashi. Ba zan ce ban ji komai ba, hawaye ya zo mini. Amma sai na tuna nauyin bokitin nan a kaina da hanyar bayan duwatsu, na ja ƙofar na rufe.

Bayan la'asar suka dawo da ƙullin kaya. Gwaggo ta nufi ɗakin tun ba ta cire mayafi ba, sai muka ji salati da kururuwa. Kafin ka ce kwabo gidan ya cika da maƙwabta. Aka riƙa fito da su ana jerawa a tsakar gida, talatin da ɗaya, duk mushe, ko ɗaya ba ta ga wuƙa ba. Ta juyo kaina ido jajir tana tambayar me na yi musu. Na durƙusa kamar yadda aka koya mini na ce, "Abin da kika ce, Gwaggo. Ga wutar can ma ba ta mutu ba." Anti Balaraba, tana share hawaye, ta ce gaskiya haka Inna ta ce, a gabanta ma yarinyar ta sake tambaya. Dattijon mai hula ya leƙa ɗakin ya fito yana fifita da hannu, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin wanda ya hura wa kaji wuta a bazara ba. Wata mata ta kasa riƙe dariya. Gwaggo ta dubi wannan ta dubi wancan, ta zauna daɓas a ƙasa. Na tsaya ina kallonta, wallahi daɗi na ji, daɗin da ban taɓa ji ba ko da ranar da na zo na ɗaya a aji. Masu iya magana sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ni dai ban ga ta yi zafi da yawa ba. A bikin ɗan akuya ɗaya aka yanka, nama ya zama sai mai rabo, matan dangin ango kuma suka yi ta tambaya da murmushi ina rabin kazar da aka yi musu alkawari. Har aka watse ana kiranta mai gasa kaji da rai a bayan idonta. Ni kuwa na ci shinkafa na ƙoshi.

Da na koma Dutse na ɗauka sunana zai wanku. Baba ya ji labari ya girgiza kai ya ce, ai ga shi nan, kajin nan ba su da albarka, ko Yaya ma sun gagare ta. Shi ke nan abin da ya ce, maganarsa ta farko a kaina kuwa bai janye ta ba har ya bar duniya. Umma ce kawai ta gane. Ta same ni ina wanke tukunya, ta tsaya ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaye ni ko littafin nan da nake rubuta maganar malam yana nan. Na ce yana nan. Ta ce, "Su kajin me suka yi miki?" Na ci gaba da wanke tukunyata, ita kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Amma da yammar ranar na ji ta tana daka tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da na daɗe ban ji ta yi ba.

Yau ina Yalwawa da nawa gidan, ina kiwon irin kajin nan a ɗaki mai raga ta kowane gefe. Rigakafi kira ɗaya ne a waya, abinci har ƙofa ake kawo mini, kuma ko surukata ce ta zo, daga nesa take leƙensu, na faɗa da bakina ba kunya. 'Ya'yana ba su san hura kasko ba, ba su san a bar wasa don kaza ba. Wani lokaci in na shiga da safe na ji warin ɓuntu, sai in ji ina ma Umma tana nan ta ga yadda suke cika ɗaki, ta zauna a bakin ƙofa ta yi ta ƙirga su yadda take so. Gwaggo ta daɗe da rasuwa. A ciwonta na ƙarshe mun je dubiya, ta kama hannun kowa tana cewa a yafe mata, yafiyar jimla, ba ta ambaci komai ba, ni ma na ce na yafe kamar yadda kowa ya ce. Kajin nan talatin da ɗaya na roƙi Allah gafara a kansu ba sau ɗaya ba, har yau kuma ba na iya ganin kaza tana haki ban tashi da gudu ba. Ita kuwa Gwaggo ta tafi tana zaton kuskurenta ne kawai, tana ɗaukata yarinya mai jin magana. Na so ta sani.